Wankin Ƙwaƙwalwa a Labari da a Zahiri: Me Ya Raba Kan Masu Karanta The Manchurian Candidate?

Duk sanda aka sake fito da tsofaffin takardun hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, kan gwaje-gwajen juya tunanin ɗan Adam, sai an tono wani littafi da aka buga tun 1959. Haka aka yi a ƙarshen 2024, da wata cibiyar adana bayanan tsaro da ke Jami'ar George Washington ta tattara takardu sama da 1,200 kan shirin gwaje-gwajen mai suna MKUltra ta fitar. Littafin shi ne The Manchurian Candidate, wato ɗan takarar Mancuriya, na Richard Condon, ƙagaggen labari mai sa zullumi game da sojan da aka mayar makashi bai sani ba. Sunansa ma ya zama baƙar magana a siyasar Amurka, inda ake jifan duk ɗan takarar da ake zargin wata ƙasa ce ke juya shi.

Masu karatu ba su taɓa zama baki ɗaya a kansa ba. Wasu na ɗaukarsa tonon asiri da aka sa wa rigar labari, wasu na ganin tatsuniya ce da ba ta tsaya da ƙafarta a kimiyyance ba, wasu kuma na cewa duk ɓangarorin biyu ba su gane ba'a marubucin yake yi ba. Yawancin gardamar ta samo asali ne daga cakuɗa tambayoyi uku da ya kamata a raba: an gwada juya tunanin mutane? An yi nasara irin ta cikin littafin? In ba a yi ba, akwai wata hanyar mallake mutum da ke aiki?

Abin da labarin ya ƙunsa

A lokacin yaƙin Koriya, an yi wa wata 'yar tawagar sojan Amurka kwanton ɓauna, aka kwashe su zuwa Mancuriya da ke arewa maso gabashin ƙasar Sin. Cikin 'yan kwanaki wani masani mai suna Yen Lo ya goge musu abin da ya faru, ya dasa musu labarin ƙarya cewa Saje Raymond Shaw ne ya cece su. A gaban manyan jami'an Sin da na Tarayyar Sobiyet aka sa Raymond ya kashe biyu daga cikin abokan aikinsa, sauran suna zaune suna kallo, a zatonsu suna wani otal ne a Amurka inda ƙungiyar mata masu lambun furanni ke taro. Raymond ya koma gida aka ba shi lambar yabo mafi girma ta soja.

Makullin kansa wasan karta ne. In aka ce masa ya ɗan buga karta irin ta mutum ɗaya, sai ya yi ta buɗe kati har ya kai ga sarauniya mai jan daimon. Da ya gan ta, duk umarnin da aka ba shi sai ya cika, ya kuma manta ya yi. Kwamandansu na da, Bennett Marco, shi ne mafarki ya addaba har ya fara bin diddigi. A ƙarshe aka gano cewa mai riƙe da akalar Raymond a Amurka mahaifiyarsa ce, wadda ke son a kashe ɗan takarar shugaban ƙasa don mijinta, Sanata Johnny Iselin, ya maye gurbin.

Abubuwa uku da ake haɗawa a tukunya ɗaya

Hifnosis wani yanayi ne na tattara hankali da ake sa mutum a ciki da magana, har ya riƙa karɓar shawara cikin sauƙi. Ba kowa yake kamawa ba. Ma'aunin da aka tsara a Jami'ar Stanford yana da gwaji 12, kuma kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na mutane ne kawai ke kai matakin sama.

Horon sabo shi ne abin da Ivan Pavlov ya nuna da karnuka: a haɗa wata alama da abinci sau da yawa, sai alamar kaɗai ta riƙa sa yawu ya zubo. Yana aiki a kan motsin jiki da tsoro, amma in aka daina sabunta shi sai ya dushe.

Sauya ra'ayi da tilas kuwa shi ne a tsare mutum, a raba shi da kowa, a gajiyar da shi, har ya faɗi ko ya yi abin da ake so. Condon ya zuba ukun nan wuri guda, ya ƙara da magunguna, ya fito da abin da babu ɗayansu da ke iya samarwa. Ya kuma yi dabara: ya sa Yen Lo yana ambaton sunayen masana da rubuce-rubucen da ke akwai da gaske, irin su Andrew Salter, sai mai karatu ya ji kamar darasin jami'a yake saurare.

Tsoron da ya haifi littafin

A 1949 gwamnatin kwaminis ta Hungari ta gurfanar da Kadinal Mindszenty, babban limamin cocin Katolika na ƙasar, gaban kotu, ya amsa laifuffukan da duniya ba ta yarda ya aikata ba, idanunsa kamar ba nasa ba. A 1950 ɗan jarida Edward Hunter ya yayata kalmar wankin ƙwaƙwalwa a jaridun Amurka, ya ce wata sabuwar fasaha ce ta gwamnatin Mao ta ƙasar Sin. Sai ga fursunonin yaƙin Koriya: wasu matuƙan jirgin sama, har da Kanar Frank Schwable, sun sa hannu a takardun cewa Amurka ta yi amfani da makamin ƙwayoyin cuta, suka janye maganar bayan an sako su. Da aka tsagaita wuta a 1953, sojan Amurka 21 suka ƙi komawa gida.

Wannan adadi na 21 ya girgiza Amurkawa fiye da kima. Sama da 4,000 sun koma, kuma akasarin 21 ɗin ma daga baya sun dawo ɗaya bayan ɗaya. A ɗaya ɓangaren, fursunonin Sin da Koriya ta Arewa fiye da 20,000 ne suka ƙi komawa ƙasashensu, amma a Amurka ba a ce an wanke musu kai ba. Amma ga jama'ar da ba ta iya tunanin ɗanta zai zaɓi kwaminisanci da hankalinsa, bayanin wankin ƙwaƙwalwa ya fi sauƙin haɗiya.

A cikin gida kuma zamanin Sanata Joseph McCarthy ne, wanda a Fabrairun 1950 ya ce yana riƙe da sunayen 'yan kwaminis 205 a ma'aikatar harkokin waje, daga baya adadin ya koma 57, ya koma 81. Majalisar dattawa ta tsawata masa a 1954. Johnny Iselin na cikin littafin hotonsa ne ƙarara.

Masu cewa gaskiya ce aka sa wa riga

Hujjar wannan ɓangare tana da nauyi, kuma ba ta fito fili ba sai shekaru da yawa bayan buga littafin. A Afrilun 1953 shugaban CIA, Allen Dulles, ya amince da shirin MKUltra ƙarƙashin wani masanin sinadarai, Sidney Gottlieb. Shirin ya ƙunshi ƙananan ayyuka 149, aka raba kuɗi ga cibiyoyi kusan 80, ciki har da jami'o'i da kwalejoji 44, da asibitoci da gidajen yari. An bai wa mutane ƙwayar LSD, mai sa gane-gane, ba da saninsu ba. Frank Olson, masanin kimiyya na soja, an zuba masa ita a abin sha a Nuwamban 1953, bayan kwana tara ya faɗo daga tagar otal a birnin New York ya mutu.

Mafi kusa da abin da Condon ya zana shi ne aikin Dokta Ewen Cameron a wani asibitin masu taɓin hankali da ke Montreal a Kanada, wanda kuɗin CIA ya fara shiga daga 1957. Tsarinsa mataki biyu ne. Da farko a rushe: a sa majiyyaci barci da magani na makonni, a riƙa jona masa wutar lantarki a ka ninkin-ba-ninkin abin da aka saba, har ya manta ranar da ake ciki, wani ma ya manta sunansa. Sannan a gina: a saka masa faifan murya mai maimaita jimla ɗaya dare da rana, sau dubbai, da fatan sabon hali zai kafu. Mutanen da aka yi wa haka da yawansu ƙananan matsaloli ne suka kai su asibiti, kamar damuwa ko ƙuncin bayan haihuwa.

A 1973 shugaban CIA na lokacin, Richard Helms, ya ba da umarnin lalata fayilolin shirin. Binciken majalisa a 1975 ya fara bankaɗo shi, sannan a 1977 aka ci karo da shafuka kimanin 20,000 na bayanan kuɗi da suka tsira saboda an ajiye su a wani wurin daban. Masu wannan ra'ayi suna cewa: in hukuma ta ƙone takardunta, wa zai rantse cewa abin da aka ƙone bai ƙunshi nasarar ba?

Masu cewa tatsuniya ce

Amsar ɗaya ɓangaren ita ce a duba sakamakon da ya rage a jikin mutane, wanda ba a iya ƙonewa. Matakin rushewa na Cameron ya yi aiki, na ginawa bai taɓa yi ba. Majiyyatansa sun fito da ɓatan tunanin shekaru, wasu ba sa gane 'ya'yansu, wasu sai da aka sake koya musu cin abinci da zuwa bayan gida. Babu wanda ya fito da sabon hali da aka tsara masa. LSD kuwa hargitsa mutum take yi ta yadda ba a san abin da zai yi ba, wanda shi ne kishiyar abin da mai neman ɗan aike yake so. Gottlieb kansa, da ya zo barin aiki, ya amince cewa ba su samu hanyar da za a dogara da ita ba.

Hifnosis ma ya gaza a gwaji. A 1965 Martin Orne da Frederick Evans sun sa waɗanda aka yi wa hifnosis su kai hannu ga maciji mai dafi, su tsoma yatsa a ruwan guba mai ƙuna, su watsa wa wani ma'aikaci ruwan. Yawancinsu sun yi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba: waɗanda aka ce su yi kamar an yi musu hifnosis, da waɗanda ba a yi musu komai ba, su ma sun yi. Dalilinsu ɗaya, sun san masu bincike ba za su bar kowa ya cutu ba. Ashe amincewa da mai ba da umarni ce ke aiki. Mantuwar da ake sa wa mutum da hifnosis ma ba gogewa ba ce, abin yana nan, kuma yakan dawo da alamar da aka tsara ko da kansa.

Sai matsalar lokaci. Horon sabo yana buƙatar sabuntawa, Raymond kuwa shekaru ya yi yana yawo a New York da makullinsa lafiya lau. Condon ya lura da wannan gurbin, shi ya sa ya shirya wani haɗarin mota na bogi don masu riƙe da Raymond su kwantar da shi a asibiti su duba shi, kamar injin da aka kai wa bakanike sabis. Wannan ya gamsar da labari, bai gamsar da kimiyya ba.

Abu ɗaya da wannan ɓangaren ba ya musawa shi ne dasa tunanin ƙarya. A 1995 Elizabeth Loftus ta nuna cewa in aka gaya wa mutum wani ɗan'uwansa ya ce ya taɓa ɓata a kasuwa yana yaro, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sukan fara tuna abin da bai faru ba. Amma tazara ce mai nisa tsakanin wannan da sa mutum ya harbe matarsa ya manta, kamar yadda aka sa Raymond ya yi a littafin.

Masu cewa ba'a ce

Rukuni na uku yana kallon marubucin ne. Condon ya shafe kusan shekara 20 yana aikin tallata finafinai, har da kamfanin Disney, kafin ya koma rubutu. Ya san yadda ake sayar wa jama'a abu. A karatun wannan rukuni, Yen Lo kayan ado ne kawai. Ainihin wankin kan da littafin ke nunawa shi ne wanda Iselin ke yi wa ƙasa baki ɗaya ta talabijin da kanun jaridu, yana ihu kan 'yan kwaminis alhali matarsa ce wakiliyarsu. Wannan ne ya sa 'yan hagu da 'yan dama a Amurka kowa ke iya ɗaukar littafin ya jefi abokin hamayyarsa.

A nan ne ake sukar salon rubutun. Wasu na jin daɗin yadda yake zuba bayanai kan abinci da tufafi da sunayen kayayyaki, wasu na ganin surutu ne mai kashe zullumi. Da yawa fim ɗin 1962 na John Frankenheimer suka fara gani, wanda Frank Sinatra da Angela Lansbury suka fito a ciki, sai littafin ya yi musu kaushi, domin ya faɗi abin da fim ya rufe, musamman alaƙar haram tsakanin uwar da ɗanta da kuma cin zarafin da mahaifinta ya yi mata tana yarinya. Masu karatu na yanzu kuma suna ƙorafi kan yadda aka zana mutanen Asiya, da yadda aka jibga duk mugunta a kan mace ɗaya mai son mulki. Ƙorafin yana kan hanya, sai dai uwar ce mafi gaskiyar abin da ke cikin littafin. Tun kafin Raymond ya taka Koriya ta riga ta raba shi da yarinyar da yake so, ta hana shi aboki, ta sa ya tsani kansa. Yen Lo ya tarar da aiki rabi an gama.

Abin da ke aiki a zahiri

Masanan da suka zauna da waɗanda aka sako daga hannun Sin a shekarun 1950, irin su Robert Lifton da Edgar Schein, sun tarar babu wani sirrin magani ko na'ura. Albert Biderman ya jera hanyoyin a 1957, guda takwas: keɓe mutum daga kowa, mamaye duk abin da yake gani da ji, raunana shi da yunwa da hana barci, barazana, ɗan alheri jifa-jifa ba tare da ƙa'ida ba, nuna masa cewa komai na hannun mai tsaronsa, wulaƙanci, da tilasta masa bin ƙananan dokoki marasa ma'ana har biyayya ta zama jiki.

Kowanne da aikinsa. Keɓewa tana cire wanda zai ce maka abin nan ba daidai ba ne. Rashin barci yana kashe ƙarfin yin gardama. Alherin ba-zata shi ya fi haɗari, domin yana sa wanda ake zalunta ya riƙa neman yardar azzalumin, yana zaton laifinsa ne in aka fasa. Amma tsarin yana da iyaka biyu da suka bambanta shi da littafin. Mutumin yana sane da abin da yake yi, ba ya mantawa. Kuma biyayya ake samu, ba imani ba: yawancin waɗanda aka sako sun koma ra'ayinsu na da bayan sun fita daga wurin. Ko ƙungiyoyin da aka fi zargi da wanke kai ba su da ƙarfin da ake ba su. Eileen Barker ta bi diddigin mutum sama da 1,000 da suka halarci tarukan cocin Sun Myung Moon, wani mai wa'azi ɗan Koriya, a Landan a 1979, ta tarar kusan kashi 90 cikin 100 ba su shiga ba, waɗanda suka shiga ma akasarinsu sun fice cikin 'yan shekaru.

Inda maganar ta taɓa mutane

A kotu, hujjar wankin ƙwaƙwalwa ba ta cika ceton wanda ake tuhuma ba. Patty Hearst, jikar attajirin jaridu, wata ƙungiyar 'yan bindiga ta sace ta a 1974, ta kulle ta a ɗan ƙuntataccen ɗaki na makonni, daga baya aka gan ta riƙe da bindiga a fashin banki. Lauyoyinta sun ce an juya mata kai, amma a 1976 aka same ta da laifi. Shugaban Amurka Jimmy Carter ne ya rage mata hukunci a 1979. Lauyoyin Sirhan Sirhan, wanda ya harbe sanatan Amurka Robert Kennedy a 1968, su ma sun kawo batun an shirya shi da hifnosis, kotu ba ta karɓa ba.

Inda doka ta motsa shi ne cikin gida. Ma'aikatan da ke taimakon matan da ake cin zarafi sun daɗe da lura cewa jerin Biderman ya yi daidai da abin da matan ke ba da labari. A 2015 Ingila da Wales suka mayar da mallake abokin zama ta hanyar takurawa laifi, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5 ko da ba a taɓa dukan mutum ba. A shekarar ce Najeriya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta haramta raba mutum da danginsa da abokansa da tilas, da hana shi abin hannu don ya dogara da wani, da azabtar da shi da baki. Tana aiki a Abuja da jihohin da suka amince da ita.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga ginin wannan labari. Littattafanmu cike suke da mijin da aka shanye, ya juya wa uwarsa da uwargidansa baya har ranar da aka tono layar. Sammu a can da sarauniyar karta a nan aiki ɗaya suke wa marubuci: suna ɗauke laifi daga wuyan mai aikatawa, suna kuma ba da waraka ta farat ɗaya. Illar sabawa da wannan gini ita ce dangi kan zauna jiran makulli guda da za a murɗa ɗansu ya dawo, alhali binciken ya nuna abin da ke kwance mutum daga irin wannan riƙo shi ne kishiyar abin da ya ɗaure shi: barci da abinci isassu, mutanen da ba su yanke hulɗa da shi ba, abin yi da zai ci da kansa, da lokaci. Shirin gyaran tubabbun 'yan Boko Haram da aka fara a 2016, mai sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, a kan irin wannan tunani aka gina shi, watanni ake ɗauka ana haɗa nasihar malamai da ganin likitocin ƙwaƙwalwa da koyon sana'a. Gardamar da ake yi a kansa ma reshe ce ta wadda masu karanta Condon ke yi. In aka ce an wanke wa yaro kai, an rage masa laifi a idon wasu. In aka ce da saninsa ya shiga, mutanen garin da aka kashe wa 'yan'uwa suna da hujjar ƙin karɓarsa. Abin da Lifton da Biderman suka gano bai bai wa kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba, domin ya nuna takurawar gaskiya ce kuma tana da ƙarfi, amma mutumin da ke cikinta yana sane, kuma waɗanda aka yi wa takura iri ɗaya ba duka suke miƙa wuya daidai ba.